Gwani Ya Mutu, Wasansa Yana Takarda

Tun da Tunde Onakoya ya zauna a dandalin Times Square na birnin New York a watan Afrilun 2024 ya kwashe awa 60 yana buga darar ces, wasan ya shiga kunnen 'yan Najeriya da yawa waɗanda a da ba su san da shi ba. Yau duk matashin unguwar Maƙera mai waya a hannu zai iya shiga shafin Lichess ya kara da mutumin Indiya ko na Rasha kafin shayinsa ya huce. Sai dai buga wasa daban, karanta wasa daban. Na biyun shi ne gwanintar da ta fi burge ni, kuma ita ce ke raba wanda zai shekara goma yana tura 'ya'ya da ka da wanda zai zama abin tsoro a bakin allo.

Littafin ces ba shi da daɗin kallo ga wanda bai san kansa ba. Shafi ne cike da baƙaƙe da lambobi, e4 nan, c5 can. Amma miƙa shi ga wanda ya iya. Zai shimfiɗa allo, ya jera 'ya'ya, ya ɗora yatsa a kan layi, ya tura na fari, ya koma ya tura na baƙi, shi kaɗai, har ya sake buga wasan da wasu suka buga shekara ɗari da hamsin da suka wuce, taku bayan taku, babu ragi babu ƙari.

Sirrin rubutun ba shi da wuya. Allon gida 64 ne, takwas sau takwas. Layukan tsaye an raɗa musu haruffa daga a zuwa h, na kwance kuma lambobi daga 1 zuwa 8, don haka kowane gida yana da sunansa. Kowane ɓangare yana da sarki da sarauniya, hasumiya biyu, giwa biyu, doki biyu, da dakaru takwas a gaba. Idan doki ya tafi gidan f3, sai a sa alamar doki a rubuta f3. Dakare ba shi da alama, sunan gidan da ya taka kawai ake rubutawa. Alamar x tana nufin an ci, alamar motsin rai tana nufin taku ya yi kyau, alamar tambaya kuma an yi kwaɓa. Wani mutumin Halab ta ƙasar Sham, Philipp Stamma, ya yi amfani da irin wannan tsari a littafin da ya buga a Paris a 1737. A 1966 kuma aka fara fitar da mujallar Chess Informant a Belgrade, wadda ta mayar da sharhin kansa alamomi zalla, yadda Bahaushe da Basine za su karanta shafi ɗaya ba tare da tafinta ba. Yaro mai kaifin kai zai iya koyon wannan duka tsakanin azahar da la'asar.

Aikin yana gaba. Mai karatu na gaske yakan sa takarda ya rufe takun da ke tafe, ya zuba wa allo ido, ya tambayi kansa: da ni ne, me zan yi? Sai ya zaɓa, sannan ya janye takardar. In zaɓinsa ya saɓa da na gwanin, ba zai wuce ba sai ya gano dalili. Abin ya yi kama da karatun zaure: takun da aka buga su ne matani, bayanin masana shi ne sharhi, kuma ɗalibin da ya haddace matani bai san abin da yake nufi ba, da sauransa.

Mafi yawan littattafan a kan buɗe wasa suke. Mai fari yana da taku 20 da zai iya farawa da su, mai baƙi ma 20, ke nan bayan kowa ya taka sau ɗaya tak allon zai iya ɗaukar kama 400. Daga nan rassan suke yaɗuwa har lissafi ya gagara. Masana sun bi waɗanda suka fi amfani sun sa musu suna. In fari ya fara da e4, baƙi ya amsa da e5, dawaki suka fito f3 da c6, giwar fari ta hau b5, wannan buɗin Ruy López ne, sunan wani limamin coci ɗan Sifaniya da ya yi bayaninsa a littafinsa na 1561. In kuwa baƙi ya amsa e4 da c5, an shiga kariyar Sisiliya, wadda ita kaɗai an cika kantoci da littattafanta. Kamfanin da ke fitar da waccan mujalla ta Belgrade ya kasa buɗe-buɗen duka gida 500, daga A00 zuwa E99.

Wannan yawan yana firgita sabon shiga, ya sa shi hadda ba ji ba gani. A ganina asarar lokaci ce. Duk buɗin kirki abu uku yake nema: a riƙe gidaje huɗun tsakiya, a fito da dawaki da giwaye da wuri, a kai sarki mafaka. Dalilin tsakiyar ma a bayyane yake, don dokin da ke can yana iya dira a gida takwas, wanda ke lungu kuwa biyu kacal. Wanda ya fahimci wannan, ko abokin karawarsa ya kauce daga littafi a taku na biyar, ba zai ruɗe ba.

Babu wasan da ya nuna haka kamar wanda Paul Morphy ya buga a Paris a 1858. Morphy ɗan New Orleans ne ta Amurka, yana da shekara 21 a lokacin. Wasu manyan masu sarauta biyu, Duke Karl na Brunswick da Count Isouard, suka gayyace shi gidan kallon wasan waƙa, suka haɗa kai su biyu a kansa, shi yana riƙe da fari. Tun a taku na huɗu suka ba da giwarsu, ɗaya tilo da suka fitar, a kan dokinsa, sai ga sarauniyarsa ta fito fili a kyauta. A taku na bakwai ya kai ta b3, inda take barazana ga dakaru biyu lokaci guda, na b7 da na f7. Suka kare da tasu sarauniyar a e7, wanda hakan ya toshe wa giwarsu ta f8 hanya.

A nan ne mai karatu ya kamata ya rufe shafi ya gwada kansa. Dakaren b7 yana nan ba mai tsaronsa, kuma kusan kowa hannunsa can zai nufa. Morphy bai ci ba. Ya fito da dokinsa na biyu zuwa c3. Ya san in ya ci dakaren za a tilasta masa musayar sarauniyoyi, wutar ta mutu. Ya fi son ƙarin mayaƙi ɗaya a fili da ribar dakare ɗaya. Sai ya kawo giwa g5 ta ɗaure dokinsu. Da suka turo dakare b5 don su kori ɗaya giwar, ya jefa dokinsa a kai ya bar shi aka ci, saboda hanyar sarkinsu ta buɗe. Ya kai nasa sarkin mafaka ta ɓangaren sarauniya, takun da a lokaci guda ya ɗora hasumiyarsa a kan layin d. Ya ba da wannan hasumiya a d7, ya kawo ta biyun ta maye gurbinta. A taku na 16 ya ajiye sarauniyarsa a b8, a bakin dokinsu, dole su ci. A na 17 hasumiya ta sauka d8, wasa ya ƙare. Duba allon a wannan lokaci: banda sarki da dakaru, 'ya'ya biyu kaɗai suka rage wa Morphy, hasumiya da giwa, kuma su biyun ne suka kama sarki. A can ɓangaren kuwa ga sarauniya da doki ɗaya, ga giwa da hasumiya ko motsawa ba su yi daga mazauninsu ba. Taku 17 sun koyar da abin da babi guda na nasiha ba zai koyar ba. Morphy bai daɗe ba ya bar wasan, ya koma gida neman aikin lauya da bai karɓe shi ba, ya rasu a 1884.

Wanda ya ɗauka wannan ilimi a Turai ya tsiro, to ya koma Bagadaza. A ƙarni na 9 al-Adli ya rubuta littafin shaɗaranji, wato ces na wancan zamani, a ciki ya tattara jerin gwanon fara wasa, ya kasa 'yan wasa daraja-daraja. Bayansa aka yi Abubakar as-Suli, wanda ya rasu wajen 946, marubucin tarihi kuma zakaran fadar Halifa al-Muktafi. Buɗe-buɗensu ma suna da suna, irin su Mujannah da Sayyal. As-Suli ya bar wata matsala mai sarki da waziri a kowane ɓangare, wadda ta yi kusan shekara dubu tana jiran mai warware ta, sai a shekarun 1980 gwanin Rasha Yuri Averbakh ya kwance ta. Ban san wata shaida da ta fi wannan nuna darajar rubutu a wasa ba: mutum ya yi tambaya a zamanin Abbasiyawa, ta iso hannun mai amsa a Mosko ba ta canja ba. Malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan wasan tun wancan zamani. Imam Malik ya tsananta, Imam Shafi'i ya sassauta matuƙar babu caca kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Kowa ya tambayi malaminsa, amma sharuɗɗan nan biyu babu mai hankalin da zai yi jayayya da su.

Littattafan dabara sun zo daga baya. Philidor na Faransa, a 1749, ya nuna cewa yadda dakaru suka jeru shi ke tsara yadda yaƙin zai kasance. Wilhelm Steinitz, wanda ya zama zakaran duniya na farko a 1886, ya koyar da cewa ba a kai hari sai an tara ƙananan fifiko. Nimzowitsch a 1925 ya ƙara da hana abokin karawa abin da yake shiryawa tun bai fara ba.

Amma gwanin da labarinsa ya fi kusa da mu shi ne Sultan Khan, Musulmi daga Punjab. Da dokokin wasan na ƙasarsa ya taso, bai tashi da littattafan buɗin Turai ba. Ya isa Ingila a 1929 tare da Sir Umar Hayat Khan, ya ci gasar Birtaniya a shekarar, ya sake ci a 1932 da 1933. A gasar Hastings ta ƙarshen 1930 ya doke Capablanca, tsohon zakaran duniya, a wasa mai taku 65. Buɗinsa yakan zo da rauni, amma da an shiga tsakiyar wasa sai ya riƙa matse mutum sannu a hankali har numfashi ya ƙare. Ya koma gida a 1933, ya rasu a 1966, sai a 2024 hukumar ces ta duniya, FIDE, ta ba shi muƙamin babban gwani na girmamawa. Da me aka auna shi bayan shekaru masu yawa haka? Da wasanninsa, domin an rubuta su.

Irin Sultan Khan muna da su, a bakin wani allon. Maƙera da Kakuri unguwannin ma'aikata ne tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, mutane suka taru daga ko'ina cikin Arewa da wasannin garuruwansu. Masaƙun sun durƙushe, KTL a 2002, amma dara da dirafti ba su bar gindin bishiya ba. Darar gurbi talatin kuwa, duk wanda ya raina ta bai zauna gaban gwani ba ne. Gurabu shida ne a jere sau biyar, kowa da 'ya'ya 12, wannan tsinke wancan dutse. Da farko zubawa ake yi ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ka jera uku ba a lokacin. In an gama, gurabu shida kaɗai suka rage babu kowa, sai a fara turawa gurbi ɗaya gaba, baya ko gefe. Wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa. Dokokin sukan ɗan bambanta daga gari zuwa gari. Zubin nan shi ne buɗin dara, kuma a nan gwani yake cin wasansa. Yana zubawa yana lissafin waɗanne gurabu ne za su rage, da wanda zai riga kaiwa gare su. Burinsa ya kafa biyu nan, biyu a layin da ke maƙwabtaka, da na biyar da zai riƙa kai da komo tsakaninsu yana cika uku a kowane taku. Wanda aka kafa wa wannan tarko, sai dai ya zauna yana kallo ana tsince masa 'ya'ya.

Dokokin dara sun shiga littafi: R. C. Bell ya kawo su a littafinsa na wasannin allo na 1960, yadda Dakarkari suke bugawa. Abin da masu dararmu ba su saba yi ba shi ne rubuta wasan kansa. Ana tashi sai a share gurabu da tafin hannu, zubin da ya ba 'yan kallo mamaki ya tafi, in gwanin ya rasu ya tafi da nasa duka. Wannan yana damuna, musamman da yake maganin a hannu yake. A sa wa layuka shida haruffa daga a zuwa f, biyar ɗin lambobi daga 1 zuwa 5. Zubi gaba ɗaya sunan gurbi 24 ne, turawa kuma sunan inda aka tashi da inda aka sauka, ci a sa masa x da sunan gurbin da aka cire. Ɗan ƙaramar sakandare da biro da littafin rubutu zai iya zama gefen dattawa ya ɗauki wasa guda a shafi ɗaya, in sun yarda su ɗan jira shi. In aka tara wasa hamsin na gwani ɗaya, za a ga gurbin da yake son fara sa tsinkensa, da yadda yake amsawa in an riga shi can, sannan a koma wurinsa a tambaye shi dalili a rubuta a ƙasan kowane taku.