Jinjina Ga Masu Karatun Lauya A Hanyar Bama

Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, tana bakin gari ne a kan hanyar Bama, ɓangaren da ya sha wuya sosai lokacin da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari. A watan Janairun 2017 bam ya tashi a masallacin jami'ar, daga baya har rami aka haƙa a gefenta don tsaro. Duk da haka ba a rufe makarantar ba, kuma Tsangayar Shari'a ta ci gaba da yaye ɗalibai.

Karatun ma kansa ba na rago ba ne. Shekara biyar ɗalibi zai yi yana fama da Kundin Tsarin Mulki na 1999, da dokar filaye ta 1978, da hukunce-hukuncen da muka gada daga Ingila. Wanda ya haɗa da Shari'ar Musulunci kuwa, ga fiƙihun Malikiyya da lissafin gado suna jiransa. Kowa ya san rabon gado ba ya son ganganci. Bayan nan sai Makarantar Horas da Lauyoyi, a Bwari ko Bagauda ko Yola, kafin ya sa baƙar riga.

Abin da ya fi burge ni shi ne ofishin taimakon shari'a na tsangayar, inda ɗalibai ke ba marasa hali shawara kyauta. A garin da ke cike da zawarawa, marayu da 'yan gudun hijira masu rigimar gado da fili, wannan aiki ne babba.

Malamai da ɗalibai, sannunku da ƙoƙari.