Roy Ayers: Mun San Kiɗan, Ba Mu San Mai Shi Ba

Ranar 4 ga Maris, 2025, makaɗi Roy Ayers ya rasu a birnin New York yana da shekara 84. Da na gaya wa ƙanena, wanda ke haɗa kiɗa a kwamfuta, sai ya ce bai taɓa jin sunan ba. Na kunna masa "Everybody Loves the Sunshine" ta 1976. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya ɗago kai ya ce, "Yaya, ai na san wannan kiɗan!" Ashe ya san shi ne ta waƙar "My Life" ta Mary J. Blige, ta 1994, wadda aka ɗora a kan wani yanki na waƙar Ayers.

Ni ba na adawa da yanko tsohon kiɗa a saka cikin sabo. Shi kansa Ayers bai ƙyamaci mawaƙan hip-hop ba, har ya yi aiki da Guru a faifan Jazzmatazz a 1993. Damuwata ita ce yanzu waƙa a waya take yawo, babu mai duba takardar faifai ya ga sunan wanda ya yi gumin.

Gumin kuwa an yi shi. Baibirafon, kayan kiɗan da Ayers ya ƙware a kai, jerin farantai ne na ƙarfe da aka jera kamar na balafon na Mali, da bututu a ƙarƙashin kowanne. A bakin bututun akwai ƙananan fuka-fukai da inji ke juyawa, su ke sa sautin ya riƙa rawa kamar ruwa. Hannu na bugawa da sanduna, ƙafa na kan feda tana ja ko tsayar da amon. An haifi Ayers a Los Angeles a 1940, kuma yana ɗan shekara biyar makaɗin baibirafon Lionel Hampton ya miƙa masa sandunan bugawa a wurin wasa. Daga nan ya kwashe shekaru yana koyo kafin ya kafa ƙungiyarsa, Ubiquity.

Mu ma ba baƙonmu ba ne. A 1979 ya zo Najeriya ya zagaya da Fela Kuti, suka fitar da faifan Music of Many Colours a 1980.

Don haka ina roƙon matasanmu masu situdiyo: in kun ɗauki kiɗan wani, ku faɗi sunansa da bakinku, ku kuma nemi faifan asali ku saurara daga farko har ƙarshe.