Tsawon Fim da Wayar Ɗan Ƙauye: Nazari kan Aikin Edita a Kannywood

Mai kallon fim ɗin Hausa a ƙauyukan yammacin Katsina, irin su Darini da sauran garuruwan Batsari da Safana da ke maƙwabtaka da Dajin Rugu, sau uku yake biyan kuɗin tsawon fim. Zai biya mai tura fim ya zuba masa a memori, zai biya mai caji, sannan ya goge wani abu a wayarsa don fim ɗin ya samu wurin zama. A allon da bai wuce tafin hannu ba ake kallon, sau da yawa mutum huɗu ko biyar sun haɗa kai a kansa. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda 'yan bindiga, har da Batsari da Safana, memori da manhajar Xender ne suka zame wa mutane hanyar samun fim. Da wannan mai kallon ya kamata a auna aikin edita, kuma in aka auna za a tarar cewa kayan aiki sun daɗe da daina zama uzuri. Kasuwa ce ke riƙe hannun edita, tana hana shi yanke abin da ya san bai da amfani.

A zamanin Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, uzurin na gaske ne. Da na'urar bidiyo biyu ake aiki, ɗaya na karanta kaset ɗaya na ɗauka, fitowa bayan fitowa a jere. In aka gane kuskure a tsakiya, sai an sake duk abin da ya biyo baya, kuma kowane kwafi yana rage hasken hoto. Kwamfuta da manhajar Adobe Premiere suka kawar da wannan wahala, yau kuma akwai DaVinci Resolve da ake saukewa kyauta, akwai CapCut da KineMaster da yaro a Safana ke haɗa bidiyon biki da su a waya. Amma fim bai gajarce ba. Dalili kuwa, a zamanin kaset da sidi 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ne ke da ta cewa, su kuma kashi na ɗaya da na biyu suke so, wani lokaci har na uku da na huɗu, don kowane kashi kuɗinsa daban. Labarin da zai ƙare a awa ɗaya da rabi sai a ja shi ya cika faifai biyu. Daga nan aka gaji fitowar da kowa ya haddace: mota ta iso, ta yi hon, maigadi ya taso a guje ya buɗe get, ta shiga, ta tsaya, Alhaji ya fito ya gyara babbar riga, ya taka har ƙofar falo, ba tare da labari ya matsa ko taku ɗaya ba.

Wanda ke zaton editocin ba su iya ba ne, ya dubi waƙoƙi da tallace-tallacen fim. Tun daga Sangaya na kamfanin Sarauniya, waƙar da aka buga da fiyanon Yamaha ta zama abin da ke sayar da fim, kuma a nan ne editan Hausa ya goge. Yana yanka hoto daidai kan bugun kiɗa, ya sauya wuri da tufafi a tsakiyar baiti ba tare da leɓe ya saɓa wa murya ba. A talla kuma yana iya matse labari sukutum cikin 'yan mintuna. Hannun da ya yi wannan shi ne ya bar motar Alhaji tana shiga get. Inda gajarta ke kawo kuɗi an bar shi ya gajarta, inda tsawo ke kawo kuɗi an ce ya ja.

Zuwan fina-finai masu dogon zango bai warware matsalar ba, sai dai ya raba ta gida biyu. Shirin da aka yi wa tashar talabijin, kamar Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na Arewa24, yana da ƙayyadadden lokaci, dole a yanka ya shiga. Na YouTube kuwa, wanda Izzar So na Lawan Ahmad ya buɗe wa kasuwa sosai daga 2020, lissafinsa daban ne: awannin kallo 4,000 na cikin sharuɗɗan fara samun kuɗin talla, kuma sai bidiyo ya kai minti takwas ake iya sa talla a tsakiyarsa. Ga kuma jirgin ɗaukar hoto daga sama da ya zama sabon abin cike gurbi, a nuna rufin gidajen gari kafin kusan kowace fitowa. Abin takaicin, mutumin Darini da ya karɓi shirin a memori ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan. YouTube bai ƙirga shi ba, furodusa bai ci sisinsa ba, amma shi ke ɗaukar nauyin tsawon.

Akwai masu cewa jan lokaci ɗabi'ar Bahaushe ce, kuma yanke gaisuwa kwaikwayon gaggawar fim ɗin Amurka ne. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya. Gaisuwar suruki da surukinsa, yadda ya durƙusa, yadda aka amsa masa a daƙile ko da sakin fuska, labari ne cikakke, kuma editan da ya datse ta bai san mutanensa ba. Sai dai wannan hujja gaisuwar da ke ɗauke da ma'ana kawai take karewa. Tsohuwa mai tatsuniya ma, in Gizo ya kama hanya, cewa take ya yi ta tafiya ya yi ta tafiya, sai ga shi ya isa, ba ta ƙirga masa sawu.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: edita ba ya yanka abin da ba a ɗauko ba. In an ɗauki fitowa da kyamara ɗaya daga nesa, babu hoton fuska na kusa, babu na mai sauraro, to hannunsa a ɗaure yake. Tun kusan 1920 Lev Kuleshov ya nuna a Rasha cewa fuska ɗaya tana sauya ma'ana gwargwadon hoton da aka jera kusa da ita, kwanon miya ko akwatin gawa. A ƙaramin allo kuwa fuska ce kaɗai ke fita sosai, hoton nesa ɓacewa yake. Haka sauti: mai tura fim yakan matse fayil don ya shiga memori, lasifikar waya kuma ba ta da ƙarfi, saboda haka kiɗan da aka ɗora ya danne magana yakan cinye zancen gaba ɗaya. Wannan duka yana nuna cewa aikin edita tun daga lokeshan yake farawa, alhali a al'adar masana'antar shi ne na ƙarshe da ake nema, a miƙa masa hadis ɗin kwamfuta (hard disk) a ce ana son shirin gobe.

Furodusoshi da daraktoci su riƙa zama da edita tun ana rubuta labari, su ɗauko masa hotunan kusa da murya mai tsabta, su kuma ba shi ikon cewa wannan fitowar ba ta shiga. Kafin a saki shiri, a tura shi a waya mai araha, a saurare shi ba tare da abin kunne ba, a wurin da janareta ke aiki. Duk maganar da ba a ji ba a nan, a koma a gyara ta.