Goma ta Marmari, Goma ta Wuya: Yadda Bahaushe Ya Auna Tsawon Azumi

Watan azumi kwana 29 ne ko 30, kuma a ƙasarmu babu yinin da ya ɗara ɗan'uwansa a cikinsa da abin da ya wuce 'yan mintoci. Lissafin kalanda ke nan, Bahaushe kuma bai musa ba. Amma da ya tashi kasa watan, sai ya ɗauko wani mudun daban: goma ta marmari, goma ta wuya, goma ta ɗokin salla. Kowa ya ji wannan zance tun yana yaro. Yawanci da dariya ake faɗinsa, a daren sha ɗaya ko sha biyu, sa'ad da wani ya fara kukan gwiwa a sahun asham. Ban taɓa jin an zauna an dube shi da idon basira ba, alhali kuwa a cikin kalmomi goma cif ya tattara abin da masana halayyar ɗan Adam suka daɗe suna bin diddiginsa, wato dalilin da ya sa yini ɗaya kan yi wa mutum tsawon uku, wata guda kuma ya shuɗe kamar ƙiftawar ido.

A dubi sunayen tukuna. Babu wanda ya ambaci rana ko wata ko tauraro. Marmari, wuya, ɗoki, duk halin zuciya ne. A majalisin tafsiri akan ji wani kason, inda ake danganta goman farko da rahama, ta tsakiya da gafara, ta ƙarshe da 'yanci daga wuta, ko da yake malaman hadisi da dama sun raunana ruwayar. Wancan kaso yana magana ne a kan abin da bawa yake fata daga Ubangijinsa. Namu na gida kuwa daga ciki da maƙogwaro ya fito, ba ya jin kunyar cewa ibada tana da wuya. Wannan rashin ɓoye-ɓoye ne ya sa ya zama shaida mai amfani.

Tun a 1890 masanin nan na Amurka, William James, ya bambance abu biyu da mutane kan cakuɗa: tsawon lokaci sa'ad da kake cikinsa, da tsawonsa bayan ya wuce ka waiwaya. Lokacin da ya cika da sababbin abubuwa gudu yake yi kana ciki, amma in ka tuna shi sai ka ga ya yi faɗi. Wanda babu komai a cikinsa kuwa jan ciki yake yi, daga baya kuma ka neme shi a ƙwaƙwalwa ka rasa. Goman farko ta dace da kashi na farko sarai. Komai sabo ne: sanarwar ganin wata, sahur na farko da ake ci ido na barci, ƙamshin ƙosai da kunun tsamiya da aka yi wata goma sha ɗaya ba a haɗa su a faranti ɗaya ba, masallaci cike har kan titi. Kafin ka ankara an ce yau azumi bakwai.

Goma ta tsakiya ce ta fi ba ni sha'awa, domin sunanta yana ɗauke da wani abin mamaki. In wahalar jiki ake nufi, ai goman farko ce ta cancanci sunan. Duk mai cin goro ko mai shan shayi ya san ciwon kan kwana biyu ko ukun farko. Zuwa azumi goma jiki ya saba, ciki ya koyi sabon lokacinsa. To me ya sa sai a nan ne aka ce wuya ta zo? Amsar da na gamsu da ita ita ce, ba yunwa ba ce ta ƙaru, abin kallo ne ya ƙare. Marmari ya gushe, salla kuma ba a hango ta ba. Yau irin jiya ce, gobe ma haka. Hankalin da a da yake kan sabon abu, yanzu ba shi da wurin zuwa sai kan lokacin kansa. Masana biyu, Dan Zakay da Richard Block, sun yi bayanin wannan a shekarun 1990: hankalin mutum ƙayyadadde ne, abin da ka ba wa aiki ka rage wa ƙirgen lokaci, abin da ka ba wa ƙirgen lokaci kuma shi ke sa lokacin ya miƙe. A goma ta wuya ne mutum yake fara tambayar "yau azumi nawa?" sau biyu a yini, kuma a nan ne sahun asham kan koma biyu bayan ya fara da goma.

A daidai wannan gaɓa ce tashe ke shigowa. A al'ada ba a fara shi sai azumi ya kai goma. Yara su fito bayan an sha ruwa, wannan ya liƙa gemun auduga, wancan ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, 'yan mata su yi Mairama da Daudu, samari su yi Jatau mai magani, a Kano kuma Nalako ya bi gwagware da nasa. Manazarta sun yi rubutu mai yawa a kan tashe a matsayin wasan kwaikwayo da hanyar gyaran hali, kuma gaskiyarsu ne. Abin da ban ga an tsaya a kai ba shi ne lokacin da aka ajiye shi. Ba a sa shi a farkon wata ba, inda ba a bukatarsa. An sa shi a bakin kwanakin da suka fi kama da juna, ya ba kowane dare fuska tasa. Ba na cewa wasu dattawa ne suka zauna suka tsara haka. Al'ada takan laluba ne har ta faɗa inda take da amfani, sai ta zauna a nan. Shi ya sa duk shekarar da hukumomin tsaro a Kano suka dakatar da tashe saboda 'yan daba da ke fakewa da shi, kamar yadda aka sha yi a 'yan shekarun nan, nakan fahimci dalilinsu, amma nakan ji an cire wa goma ta wuya maganinta an bar ta da cutar. Wayar hannu ta maye gurbin, sai dai dare goma na latse-latsen waya dare ɗaya ne a wajen tunawa.

Akwai inda zancen ya gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Yana magana kamar kowa a gari agogo ɗaya yake ɗauke da shi a ƙirji. A ɗauki tsakanin la'asar da magariba. Ga maigida a kan tabarma a ƙofar gida, ya idar da salla, ya duba waya, ya ɗaga kai ya dubi rana, ya sake duba waya ya tarar minti huɗu kacal suka wuce. A wajensa la'asar sakaliya ta ƙi ƙarewa, har ya fara zargin ladan da jinkiri. A bayan katangar nan kuwa uwargida tana tsakanin murhu biyu, ƙullun ƙosai bai gama bugu ba, kunu na neman yin gudaji, yaron da aka aika sayen ƙanƙara bai dawo ba. Ita roƙo take yi rana ta ɗan dakata. Azumi ɗaya suka ɗauka, ƙishirwa ɗaya suke ji, ita ma har ta fi shi don tana gaban wuta, amma awa biyun nan a wajensa yini ne, a wajenta ɗan taƙi. In da matan da ke girki ne suka ƙirƙiri zancen, ina kyautata zaton da wani kason za mu gada.

Wasu kuma sukan kauce wa lissafin gaba ɗaya, su yi abin da ake wa ba'a da azumin jemage: a kwanta bayan asuba, sai azahar ta tayar, a sake komawa. Dabarar tana aiki, domin ƙwaƙwalwa ba ta ƙirga abin da ba ta halarta ba. Kowane ɗan makarantar allo ya san ƙissar Ashabul Kahfi, waɗanda suka yi shekara 309 a kogo, da suka farka suka ɗauka barcin bai wuce na yini ba. Ko ido biyu ma, in aka ɗauke wa mutum alamomi sai ƙirgensa ya rushe. A 1962 wani matashi Bafaranshe, Michel Siffre, ya shiga wani kogo mai zurfi a tsaunukan Alps ya yi wata biyu babu agogo babu hasken rana. Da aka sanar da shi ranar 14 ga Satumba cewa wa'adi ya cika, shi a lissafinsa 20 ga Agusta ake. Duhu ya cinye masa fiye da mako uku. Mai azumin jemage ma haka yake sayen sauƙi da kwanakinsa, in salla ta zo ba shi da abin tunawa sai sahur da buɗa-baki.

Sai batun zafi, wanda zancen bai ambata ba sam. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, don haka azumi kan matso da kimanin kwana 11 kowace shekara, ya zagaye damina da bazara da hunturu cikin shekara 33 ko kusa da haka. Waɗanda suka yi azumin ƙarshen shekarun 1990, da ya faɗo a Disamba da Janairu, suna tuna shi kamar wasa. Waɗanda suka yi na 2021 da 2022 a tsakiyar Afrilu, zafi na haura digiri 40 a Sakkwato da Kano da Maiduguri, sun san wani abu daban. A agogo bambancin kaɗan ne, domin a Kano tazarar da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara ba ta wuce kimanin awa ɗaya da rabi ba. A jiki kuwa kamar ninki ne. Ƙishirwa ce babban dalili, don ba ta barin hankali ya tafi ko'ina. Akwai kuma wani tsohon gwaji mai ban dariya. Wani masani a Amurka, Hudson Hoagland, matarsa tana fama da zazzaɓi, ya fita sayo magani na ɗan lokaci, ya dawo ta ce ya daɗe ƙwarai. Maimakon ya ba ta haƙuri, sai ya sa ta riƙa ƙirga daƙiƙa sittin yana duba agogo, ya gano duk sa'ad da jikinta ya ƙara zafi ƙirgenta sauri yake ƙarawa. Ya wallafa sakamakon a 1933. Zazzaɓi daban, zafin bazara daban, amma wanda ya taɓa jiran magariba a cikin Afrilu ba zai yi wa matar nan musu ba.

Goma ta ƙarshe an ce ta ɗokin salla ce. Ɗokin wa? Na yara ne, babu shakka, masu zuwa shagon tela kullum su leƙa ko an yanka shaddarsu. A wajensu kwanakin nan ba sa motsi, don wanda ya ƙagu ƙirge yake yi. Maigidan da bai haɗa kuɗin kayan sallar 'ya'ya shida ba, ga zakkar kono, ga cefanen tuwon salla, shi kwanakin guduwa suke yi daga hannunsa. Tela ya karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinsa, ya daina bambance dare da rana. Mai i'itikafi da mai tahajjudi kuma sun shiga wani lissafin na dararen mara, suna jin watan na suɓuce musu tun ba su ƙoshi ba. Kalma ɗaya aka ba su duka, alhali kalmar ta yara ce.

Ranar salla kuma sai a ji baki ya zo ɗaya: "Kai, azumin bana bai daɗe ba, kamar jiya muka fara." Mai faɗin haka shi ne wanda ya yi ta ƙorafi a sha biyar ga wata, kuma ba ƙarya yake yi ba a duka biyun. A sha biyar yana cikin lokacin ne, yau kuwa waiwaye yake yi, kwanakin tsakiya da suka fi ja masa rai su ne suka narke suka zama guda, don babu abin da ya bambanta su. Wannan ne kuma ya sa dattawa suka fi kowa cewa lokaci ya rasa albarka. Tun a 1877 Bafaranshe Paul Janet ya kawo hujjar lissafi, cewa shekara ɗaya kashi ɗaya ce cikin goma na rayuwar ɗan shekara goma, amma ɗaya cikin sittin ga ɗan sittin. Hujjar tana da kyan ji, sai dai ni na fi karkata ga ta tunawa. Har yau ina iya kawo azumina na farko daki-daki, ranar da na kai azahar na kasa, kakata ta ce in sha ruwa za ta ɗinke mini rabin yau da rabin gobe su zama ɗaya. Na shekaru biyar da suka wuce kuwa, in ba wani abu ne ya faru a ciki ba, ba zan iya raba shi da na shekaru shida ba.

Akwai awa guda da kason bai san inda zai sa ta ba, ita ce ta bayan magaribar ashirin da tara. An sha ruwa, an ƙi tashi daga gaban rediyo, ana jiran abin da zai fito daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato. Ba a san ko watan ya ƙare ba ko da saura, ba a san ko a yi asham ko a ɗora tukunyar tuwo ba. Yarinya da lalle a ƙafa tana addu'ar a ga wata. Can a bakin kasuwa tela, da riguna goma sha biyu da ba a sa wa hannu ba, yana addu'ar a cika talatin.