Kiɗan Buluz da Ciwon da Aka Daɗe Ba a Kiran Sunansa: Nazari a Kan Beth Hart

Kiɗan buluz ya tsiro ne a kudancin Amurka, musamman yankin Misisifi, a ƙarshen ƙarni na 19, a bakin baƙaƙen fata jikokin bayi. An soke bauta, amma wahala ba ta kau ba: ga noman auduga a gonar wani, ga bashin da ba ya biyuwa, ga wariyar launin fata. Daga nan suka gina waƙa mai sauƙin tsari. Mawaƙi zai rera layi ɗaya, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku ya warware zancen, jita kuwa tana amsa masa kamar yadda 'yan amshi ke karɓa wa makaɗi. Maimaicin nan yana da aiki: yana ba mai sauraro lokacin da zai gane cewa kukan da ake yi nasa ne.

Ƙarfin wannan al'ada shi ne ba ta jin kunyar baƙin ciki. A 1920 Mamie Smith ta yi faifan "Crazy Blues", ya samu kasuwar da ta sa kamfanoni suka bazama neman mawaƙa baƙaƙe. Ma Rainey da Bessie Smith suka biyo baya, suna waƙa a kan kaɗaici da cin amana da rashin barci.

Sai dai al'adar tana da wani rauni da bai kamata a rufe ba. Takan ɗora damuwa a kan masoyin da ya tafi, ko talauci, ko rashin sa'a, amma ba ta cika cewa ciwo ne da ke bukatar likita ba. Buddy Bolden, mabushin ƙaho na Niyu Olins da ya shahara da busa buluz, an kai shi asibitin masu taɓin hankali na jihar Luwiziyana a 1907, bai fito ba har ya rasu a 1931. Mawaƙiya Billie Holiday ta rasu a 1959 tana da shekara 44, bayan doguwar fama da giya da ƙwaya. Mawaƙiya Janis Joplin ta rasu a 1970 tana da shekara 27. Masu sauraro da 'yan kasuwar waƙa suka mai da irin wannan ƙarshe abin ado, har aka ɗauka cewa sai mawaƙi ya lalace muryarsa ke yin gaskiya.

Wannan tunani ne rayuwar Beth Hart ta ƙaryata. An haife ta a Los Anjeles a 1972, ta fara kaɗa fiyano tun tana ƙarama, ta lashe gasar talabijin ta Star Search a 1993. A 1999 waƙarta "LA Song" ta bazu, ta kuma fito a matsayin Janis Joplin a wani wasan dandamali. A daidai lokacin shaye-shaye ya ci ƙarfinta, ta rabu da kamfanin faifai na Atlantic, tauraronta ya dusashe. A ƙarƙashin shaye-shayen akwai ciwon da likitoci ke kira baifola, wanda ke kai mutum ƙololuwar zumuɗi da rashin barci, sannan ya jefa shi cikin baƙin ciki mai nauyi. Ga kuma raɗaɗin rasuwar yayarta sakamakon cutar ƙanjamau.

Farfaɗowarta ba ta zo dare ɗaya ba. Ta nemi magani, ta zauna da likitocin ƙwaƙwalwa, mijinta ya tsaya mata. A 2011 ta fitar da kundin "Don't Explain" tare da makaɗin jita Joe Bonamassa, na biyunsu "Seesaw" na 2013 ya shiga takarar lambar Grammy. A 2012 ta rera waƙar mawaƙiya Etta James tare da makaɗin jita Jeff Beck a bikin karrama mawaƙin buluz Buddy Guy a Cibiyar Kennedy, Amurkawa suka sake waiwayarta. A kundin "War in My Mind" na 2019 ta mai da faman da take yi da ciwon nata jigon aikin.

Abin da ta ƙara wa buluz ba sabon sauti ba ne, domin a murya ɗalibar Etta James ce da Billie Holiday, kuma gadon da take ci na baƙaƙen Amurka ne. Abin da ta ƙara shi ne kiran ciwon da sunansa, a kan dandamali da cikin hira, tare da ambaton magani da likita ba tare da sunkuyar da kai ba. Akwai haɗari a nan, domin kasuwa na iya mai da ciwo kansa haja. Abin da ya tsare ta shi ne ba ta taɓa nuna cewa ta warke sarai ba. Tana bayyana shi a matsayin larurar da ake lallaɓawa kullum.

Waƙa tana rage wa mai ciwo kaɗaici, amma ba ta maye gurbin magani. Mafi yawan ayyukan da suka ɗaukaka Beth Hart ta yi su ne bayan ta nemi taimako, kuma wannan hujja ce babba cewa mawaƙi ba ya bukatar hallaka kafin a gaskata kukansa.