Inda Ji Ya Kori Gani: Gwanintar Tara Kalmomin Turanci da Kunne

Gani ya kori ji, in ji Hausawa, kuma a yawancin al'amuran duniya haka abin yake. Amma akwai ɗaki ɗaya da maganar ke juyewa. A ɗakin jarrabawar sauraro ta IELTS ana kunna murya ta yi ta magana kimanin minti 30, ga tambayoyi 40 a gaban ɗalibi, kuma kowace magana sau ɗaya tak za a ji ta. Babu "don Allah maimaita", babu komawa baya. Abin da kunne ya kama ya kamu, wanda ya kuɓuce kuma ya tafi ke nan.

Tun 1989 ake yin wannan jarrabawa ta Turanci, a ƙarƙashin British Council da IDP ta Ostiraliya da sashen jarrabawa na Jami'ar Cambridge. Ita ce ƙofar da ɗalibai masu neman ƙarin karatu a waje da likitoci da ma'aikatan jinya da yawa suke bi, har da 'yan'uwanmu daga Kano da Kaduna da Sakkwato. Makin ƙoli shi ne 9. Hukumar da ke rajistar ma'aikatan jinya da unguwarzoma a Birtaniya tana neman maki 7 a ɓangaren sauraro, wato sai mutum ya ci kimanin tambaya 30 daga cikin 40. Sau da yawa za ka ga wanda ya yi karatunsa da Turanci tun daga firamare har jami'a, yana karanta jarida ba ya ko tuntuɓe, amma ya zo nan ya cije. Za ka kuma ga wani da bai kai shi yawan karatu ba ya haye cikin sauƙi. Wannan na biyun yana da wata gwaninta da ta cancanci a tsaya a dube ta da kyau: ya iya tara kalmomi da kunnensa.

Kalmar da ka sani a takarda kawai kamar mutumin da ka sani a hoto ne. In ya yi sallama daga ƙofar gida, ba za ka gane shi ba. Yawancinmu Turancin littafi muka koya, idonmu ya san siffar kalma, amma kunnenmu yana jiran sautin da mu muka laƙaba mata, wanda ba lallai ne ya zama nata ba. Muna jiran gaɓa huɗu a "comfortable" da "vegetable", Bature kuwa uku yake furtawa. Muna jiran mu ji "d" ɗin farko a "Wednesday" da "p" a "receipt", alhali babu su a baki. Sannan a magana mai gudu kalmomi suna narkewa cikin juna: "would you" ta koma kamar "wuju", "a lot of" ta dunƙule ta zama abu ɗaya, ƙananan kalmomi irin su "to" da "for" da "and" su ƙanƙance har da ƙyar ake jin su. Gwanin sauraro ya gane wannan tun da wuri, don haka ba ya ƙirga kalma cikin waɗanda ya sani sai ya iya cafke ta a tsakiyar jimla, daga bakin baƙo, ba tare da ya tsaya tunani ba.

Abu na farko da ke burge ni game da irin wannan ɗalibi shi ne zaɓinsa. A ƙasarmu ana girmama mai manyan kalmomi, wanda in ya yi magana sai an nemo ƙamus. Shi gwani bai damu da wannan ba. Ya san cewa maganar baka a kan kalmomin yau da kullum take tafiya. Tun 1953 Michael West ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 da suka fi yawo a Turanci. A 2006 kuma Paul Nation, masanin koyon kalmomi na Jami'ar Victoria da ke Wellington, ya ƙiyasta cewa mai son fahimtar kashi 98 cikin 100 na maganar baka yana buƙatar dangin kalmomi (wato kalma da sauran siffofinta) 6,000 zuwa 7,000, mai karatun rubutu kuwa 8,000 zuwa 9,000. Ashe kunne bai buƙatar yawan da ido ke buƙata. Abin da yake nema shi ne sauri. Mai karatu zai iya tsayawa a kan kalma ya juya ta, mai sauraro kuwa in ya tsaya a kan guda, goma sun wuce shi. Saboda haka gwani ya gwammace ya mallaki kalma dubu uku da kunnensa ke ganewa nan take, da ya tara dubu goma da sai ya gan su a rubuce.

Yakan kuma tsara tarinsa bisa sassan jarrabawar guda huɗu, domin kowane sashe da irin kalmominsa. Sashe na farko hira ce tsakanin mutum biyu kan harkar yau da kullum, kamar kama hayar ɗaki ko yin rajista a wani wuri, sai a ce ɗalibi ya cike fom. A nan suna da lamba da kwanan wata ne ke mulki. Ya san Bature yakan ce "oh" a maimakon sifiri in yana faɗin lambar waya, yakan ce "double seven" yana nufin bakwai biyu a jere, kuma "fortnight" mako biyu ne. Sashe na biyu mutum ɗaya ne ke bayani, sau da yawa da taswira, don haka "opposite" da "adjacent to" da "at the far end" sai sun zauna daram, har hannu ya riƙa bin taswirar tare da muryar. Sashe na uku tattaunawa ce ta ɗalibai da malaminsu, tana iya kaiwa mutum huɗu, inda ake jin "assignment" da "deadline" da "questionnaire". Na huɗu lacca ce irin ta jami'a, mutum ɗaya yana zuba. A nan ne jerin da Averil Coxhead ta wallafa a 2000 yake amfani, dangin kalmomi 570 da suke yawan fitowa a rubuce-rubucen ilimi ko da wane fanni ne. Gwani yakan bi su ɗaya bayan ɗaya yana sauraron furucinsu, don kada ranar jarrabawa ta zama ranar da zai fara jin su.

In ka buɗe littafin da yake tara kalmominsa, za ka ga bambanci. Yawancin ɗalibai kalma suke rubutawa da ma'anarta, shi ke nan. Shi kuwa kowace kalma sai ya san ta ta fuska huɗu. Da farko sautinta, har da gaɓar da ake dannawa, domin da wannan dannawar ake raba "thirteen" da "thirty", da ita ake gane ko "record" suna ce ko aikatau. Na biyu rubutunta, domin a wannan jarrabawa harafi ɗaya in ya kuskure, makin ya tafi. Wanda ya ji "accommodation" sarai amma ya rubuta ta da "m" ɗaya, daidai yake da wanda bai ji komai ba. Haka wanda ya yar da "s" ɗin jam'i a ƙarshen kalma. Na uku abokan tafiyarta, wato kalmomin da ba ta cika fita ba tare da su ba. Wanda ya san "deposit" tana tafiya da "pay" da "refundable", da ya ji ɗaya ya fara sa ran ɗayar, kuma sa rai rabin ji ne.

Fuska ta huɗu ita ce ta fi kowace kyau, wato makwafinta. Masu tsara jarrabawar ba kasafai suke bari kalmar da ke cikin tambaya ta fito a muryar yadda take ba. Takarda za ta ce "cheap", muryar ta ce "it doesn't cost much". Takarda ta ce "every year", muryar ta ce "annual". Wanda ya kafa kunne yana jiran kalmar takarda zai yi ta jira har a wuce tambaya uku. Gwani kuwa, a 'yan daƙiƙun da ake bayarwa don duba tambayoyi kafin a kunna murya, yakan ja layi ƙarƙashin muhimman kalmomi, ya tambayi kansa ta wace hanya kuma za a iya faɗin wannan, ya kuma hango ko amsar lamba ce, ko sunan wuri, ko sifa. Kafin muryar ta iso, ya riga ya share mata wuri.

Akwai kuma wasu 'yan ƙananan kalmomi da yake riƙe da su kamar zinariya, irin su "actually" da "sorry" da "however" da "instead". Dalili shi ne, masu magana a jarrabawar sukan canza ra'ayi da gangan. Mace za ta ce za ta zo Talata, sai ta ce af, ta tuna tana da taro, a mayar Alhamis. Mai gaggawa ya riga ya rubuta Talata ya ɗaga kai. Gwani ya rubuta shi ma, amma kunnensa bai tashi daga wurin ba, kuma da ya ji "actually" ya san gyara na tafe. Wannan haƙurin jiran ƙarshen zance tarbiyya ce kafin ta zama dabarar jarrabawa.

Bahaushe yana da wuraren da harshen uwa ke sa masa tarko, kuma gwani ya san nasa ɗaya bayan ɗaya. Hausa ba ta raba "p" da "f", don haka "pull" da "full" suna iya zuwar masa iri ɗaya, haka "b" da "v" a "best" da "vest". Gaɓoɓinmu ba sa tara baƙaƙe a jere, shi ya sa ƙarshen "months" da "texts" yake ɓacewa. Sunayen haruffa ma suna ruɗarwa lokacin da ake faɗin suna harafi-harafi: abin da Bature ke kira E yana kama da "i" ɗinmu, A ɗinsa kuma yana kama da "e". Amma Bahaushe yana da jarin da bai cika sanin darajarsa ba. Kunnen da tun yarinta yake raba garin da ake zama da garin tuwo ta tsawon wasali, yake raba kukan yaro da kukar miya ta karin sauti, kunne ne da ya saba da lura da ƙaramin bambanci. Wasulan Turanci ba irin namu ba ne, dannawar gaɓa ma ba karin sauti ba ce, amma mai wannan kunne in ya mai da hankali, bambancin "ship" da "sheep" ba zai daɗe yana ba shi wahala ba.

To yaya ake gina wannan gwaninta? Babban makaminta tsohon abu ne da muka sani tun firamare, wato shifta. Gwani yakan ɗauki magana ta minti ɗaya ko biyu, misali daga shirin 6 Minute English na BBC wanda ke zuwa da rubutaccen abin da aka faɗa, ya saurara ya rubuta duk abin da ya ji, sannan ya gwada da rubutun. Inda ya bar giɓi, nan darasinsa yake. Sai ya raba kurakuran gida biyu: kalmar da bai taɓa sani ba, da kalmar da ya sani amma kunnensa bai gane ta ba. Sau da yawa gida na biyu ne ya fi cika, kuma shi ne ya fi saurin gyaruwa. Daga nan sai ya maimaita jimlar da bakinsa yana bin muryar, domin abin da harshe ya iya furtawa kunne ya fi saurin kama shi. Ba ya kuma tsayawa kan lafazi ɗaya, tunda jarrabawar tana kawo muryoyin Birtaniya da Ostiraliya da Niyu Zilan da Arewacin Amurka.

Sai batun riƙewa. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo. Maganinta shi ne bita a kan kari: yau, gobe, bayan 'yan kwanaki, bayan mako, tazarar tana ƙaruwa. A kan wannan ne Sebastian Leitner ya gina tsarinsa na katuna da akwatuna a 1972, manhajoji irin su Anki ma wannan bita mai tazara suke bi. Abin da gwani ya ƙara shi ne, katinsa da sauti yake farawa. Ya ji kalmar, ya rubuta ta, ya faɗi ma'anarta da makwafinta, sannan ya duba. Kalma goma a rana ta wannan hanya sun fi ɗari da aka haddace daren jarrabawa. Kuma mu mutanen rediyo ne, tun 1957 Sashen Hausa na BBC yake shiga gidajenmu, mun saba da zama mu kasa kunne ga muryar da ba mu ganin mai ita. Wanda ya ji labaran duniya da Hausa, sannan ya sake jin su da Turanci, ya samu malami kyauta, domin ya riga ya san zancen, sauran kawai ya ji da waɗanne kalmomi aka faɗe shi.

Na fi ganin girman wannan gwaninta idan na tuna abin da ke bayan jarrabawar. Ma'aikaciyar jinyar da ta horar da kunnenta har ya daina rikita "fifteen" da "fifty", ranar da likita zai faɗa mata yawan magani ta waya, rai ne za ta tsare. Ɗalibin da ya koyi jiran "however" a lacca, shi ne zai fahimci abin da malaminsa yake nufi, ba rabinsa ba. Takardar sakamakon IELTS shekara biyu ake amfani da ita, amma kunnen da aka gina saboda ita yana tare da mai shi muddin rai. Duk mai shirin wannan jarrabawa, ya rage lokacin da yake ba ƙamus ya ƙara wa sauraro, kuma daga yau kada ya shigar da kalma cikin littafinsa sai ya ji yadda masu ita suke faɗinta.