Madugu da Ɗan Koyo a Kogon Dodo

Duk wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Agadas ya san Aderbissinat. In an wuce Tanut, an baro gonakin geron Damargu, nan mota kan tsaya a sha ruwa, a yi salla, direba ya zagaya ya duba tayoyi. Tun kafin zuwan mota garin zango ne mai rijiya, a kan turbar ayarin da ke saukowa daga Abzin zuwa ƙasar Hausa. A wata tsayawa irin wannan, da la'asar sakaliya, na raɓa kusa da wata fadar samari a gefen rumfar cajin waya. Su huɗu ne a kan tabarma ɗaya, butar shayi na tafasa a kan gawayi ba mai kula ta, kowa ya kifa kai a kan salula. Wasan Free Fire suke bugawa. Uku tsofaffin hannu ne, daga motsin yatsunsu ma za ka gane. Na huɗun yaro ne ƙarami, da wayar aro a hannunsa.

"Kai, ina za ka? Dawo!"

"Yaya, ta ina?"

Ba wanda ya tanka masa. Kafin ka ce kwabo an harbe shi, ɗaya daga cikinsu ya ja tsaki ya ce, "Bar shi nan, nub ne." Nub, wato sabon shiga da bai iya ba. Yaron bai ɗago kai ba. Da za su sake shiga, sai babban cikinsu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ƙane, saurara. Inda na sauka nan za ka sauka. Ka tsaya a bayana. Kada ka yi harbi sai ka ji na yi." Jimla huɗu ke nan, ba su ci masa rabin minti ba. Har direbanmu ya danna oda muka tashi, yaron yana nan da ransa a cikin wasan.

Abin da na gani a wannan tabarma shi ne babbar rigimar da ta daɗe tana cin masu wasannin intanet a duniya: me tsohon hannu zai ce wa sabon shiga, yaushe zai faɗa, kuma da wane irin harshe? Inda abin ya fi fitowa fili shi ne a manyan wasannin kwamfuta irin World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a Nuwamban 2004, da Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix na Japan, wanda aka rushe aka sake ginawa a 2013. Waɗannan wasanni ba su yaɗu a wajenmu ba, don suna son kwamfuta mai ƙarfi ko na'urar wasa, da tsayayyiyar wuta, da kuɗin wata, ga shi kuma manyan na'urorin da ke riƙe da su ba a Afirka suke ba. Amma ɗabi'un da suka yi ƙarfi a can su ne suka gangaro har cikin wayar yaronmu, shi ya sa ya kamata mu san yadda abin yake.

A cikin waɗannan wasanni akwai abin da zan kira kogo. Wuri ne da ake shiga a rukuni, mutum biyar a World of Warcraft, huɗu a galibin kogunan Final Fantasy XIV, kuma da zarar an shiga ba mai shigowa ya taya ku. Kowa da aikinsa. Akwai mai garkuwa, shi ke shiga gaba ya tsokano dodanni su taru a kansa. Akwai mai magani, wanda idonsa ke kan lafiyar kowa. Sauran maharba ne, aikinsu kisa. Kowane babban dodo yana da salon faɗansa: wani in ya ɗaga hannu sai kowa ya watse, wani sai an dunƙule wuri ɗaya a raba dukan, wani kuma ƙasa ce za ta canza launi a ƙarƙashin ƙafarka, in ba ka matsa ba ka tafi. Kuskuren mutum ɗaya kan hallaka duka, a koma baya a sake. Wannan ilimi kuwa ba a rubuce yake a bangon kogo ba. Yana cikin kan wanda ya taɓa shiga. Ke nan magana a nan makami ce, daidai take da takobi da garkuwa.

A shekarun farko na World of Warcraft, haɗa mutum biyar wahala ce. Sai ka tsaya a tsakiyar birnin wasan kana shela, ka samu mutanenka ɗaya bayan ɗaya, sannan ku kama hanya zuwa bakin kogo. Wannan jira da tafiya kan ci lokaci mai tsawo, amma a cikinsu ake gaisawa, a tambayi juna wa ya taɓa zuwa, wa bai taɓa ba. Kuma duk wanda ka haɗu da shi ɗan garinku ne a wasan, gobe ma za ku haɗu. Mai baƙin hali sunansa kan zaga, a daina gayyatarsa. A Disamban 2009 kamfanin ya kawo na'urar haɗa rukuni. Ka danna maɓalli, ta zaƙulo maka baƙi huɗu daga wasu garuruwan, ta jefa ku cikin kogo kai tsaye. Sauƙi ya samu, ba musu, musamman ga mai aiki da iyali wanda awa ɗaya kawai gare shi da dare. Sai dai tare da wahalar aka yar da zangon. Mutane biyar su shiga, su yi minti ashirin suna kare ran juna, su fita, ba sallama ba ban kwana. Aka kuma ba rukuni ikon kaɗa ƙuri'a su kori wanda ya gundure su. A 2016 aka ƙaro kogunan da ake bugawa da agogo, inda kowace mutuwa ke cin daƙiƙoƙi, sai aka koma duba makin mutum kafin a ɗauke shi. Sabon shiga ya faɗa tsaka mai wuya: ba za a ɗauke ka ba sai kana da maki, ba za ka samu maki ba sai an ɗauke ka.

Sakamakon haka shi ne shiru iri biyu. Tsohon hannu ya yi shiru don a ganinsa kowa ya sani, ya shiga wannan kogo sau ɗari, hankalinsa na kan ladan da zai kwasa ya wuce. Sabo kuma ya yi shiru don tsoro, gudun kada ya ce "ban taɓa zuwa ba" a nuna masa ƙofa. Haka za a tafi har a iso dodon da ba ya yafiya, a mutu gaba ɗaya, sannan baki ya buɗe, amma da zagi. Maganar da za a yi a bakin ƙofa cikin lumana ita ce ake yi a kan gawa cikin fushi.

Misalin da ya fi taɓa min zuciya na Final Fantasy XIV ne. A ƙarshen kashin farko na labarin wasan akwai wani kogo mai suna Praetorium, na mutum takwas a wancan lokaci, cike da dogayen hotunan labari kamar fim. Wanda ya zo karon farko ya shafe makonni yana bin wannan labari, yau ce ranar da zai ga yadda za ta kaya. Sai ya tsaya kallo. Tsofaffin kuwa su tsallake hotunan, su ruga gaba, su kashe dodanni bi da bi. Kafin bawan Allah ya gama kallon fage ɗaya an gama yaƙin, ya tarar da fili wayam. Ko dai ya haƙura da labarin ya bi su a guje, ko ya kalli labarin ya rasa yaƙin. Abin ya yi ta jawo ƙorafi har a Janairun 2018 kamfanin ya toshe damar tsallake hotunan, ya ƙara wa tsofaffin lada don su yi haƙurin zama. Wato haƙuri da baƙo sai da aka mai da shi doka, aka kuma biya kuɗinsa.

Adalci ne a ce masu wannan wasa sun yi ƙoƙari fiye da saura. Sabon ɗan wasa yana yawo da alamar ɗan tsiro kore a gefen sunansa, kowa ya gan shi ya san jiya ya fito. In aka shiga kogo da wanda bai taɓa zuwa ba, wasan da kansa kan sanar, ba tare da kama suna ba, ya kuma yi alkawarin ƙarin lada ga kowa. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai, don ta ɗauke wa sabo nauyin tona kansa, ta mai da shi riba maimakon kaya. Akwai kuma jerin shiryayyun kalmomi da wasan ke juyawa tsakanin Japananci, Ingilishi, Faransanci da Jamusanci. A 2016 aka ƙirƙiro muƙamin jagora, mai alamar kambi, wanda sai ka shiga kogo sau 1,000 kafin ka cancanta, aka kuma yi tanadin doki mai fiffike ga wanda ya yi aikin jagoranci sau 2,000. A nan ne na ga gejin dabarar. Da yawa sun nemi kambin don dokin, ba don ɗalibin ba, har 'yan wasan kansu suka mai da kambin abin zolaya. Ana iya ƙirga sau nawa mutum ya shiga kogo, amma ba a ƙirga ko ya iya ce wa yaro "matso nan" ba tare da ya muzanta shi ba.

Maganin baya-bayan nan shi ne wanda na fi ƙi. Tun 2017 Final Fantasy XIV ya fara barin mutum ya shiga kogo da abokan tafiya na na'ura, World of Warcraft ma ya bi sahu a farkon 2024. Na'ura ba ta zagi, ba ta gaggawa, ba ta kora. Na gane amfaninta ga mai kunya. To amma wannan raba gardama ce ta hanyar raba mutane. Yaron da ya koyi kogo a hannun na'ura ya san dodo, bai san mutane ba, kuma ran da ya zama tsohon hannu ba shi da bashin kowa a wuyansa da zai biya a kan na baya.

Mu kuwa da muke kan hanyar ayari muna da abin auna wannan al'amari. Fataken Hausa da suka yi ta zuwa Gwanja saro goro suna da tsari, kamar yadda masanin tarihi Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa na 1980 a kan cinikin goro: ga madugu, ga jagaba mai sanin hanya, ga uban dawaki, ga malamin ayari. Haka ayarin gishiri da ke tashi daga Abzin da kaka, ya ratsa Tenere zuwa Fachi da Bilma, shugabansa madugu ake ce masa har a bakin Abzinawa. Kada wani ya zaci ayarin nan tafiyar hawainiya ce. A Tenere ba a tsayawa da rana, daga safiya har dare ya raba ana tafe, abinci ma a kan tafiya ake ci, don ruwa da harawa a ƙididdige suke. Gaggawar tsohon ɗan wasa ba ta kai ta madugu ba. Bambancin shi ne yaron da zai yi tafiyarsa ta farko ba a jefa shi cikin baƙi. Yana hannun ubansa ko kawunsa ko wansa, an nuna masa ɗaurin kaya tun a gida, raƙumin da yake ja yana cikin jeri, kowane ɗaure da na gabansa. An gama magana kafin a shiga rairayi. Kuma darajar madugu ba a saurin isowarsa kaɗai take ba. Wanda ya iso Bilma ya baro mutum a baya, wa zai sake bin sa baɗi? Saboda haka ni ban ga laifin sauri ba. Laifin shi ne sauri ba tare da an yi bayani a bakin ƙofa ba.

Masaniyar nan Jean Lave, wadda ta zauna da teloli a Monrobiya ta Laberiya, ta lura cewa ɗan koyo ba da yanka yake farawa ba. Da guga da ɗinkin maɓalli yake farawa, inda kuskure ba ya ɓata yadi, sai a hankali ya kai ga almakashi. Ita da Etienne Wenger suka gina littafinsu na 1991 a kan irin wannan koyo. Duk wanda ya taɓa zama shagon tela a Maraɗi ko Kano ya san haka ba sai an karanta masa ba. Abin da babban yayan nan na Aderbissinat ya yi ke nan da ya ce "tsaya a bayana": ya ba yaron aikin da zai iya, a wurin da kuskurensa ba zai kashe kowa ba, amma a cikin yaƙin gaske.

Sabo ma da nasa. Matambayi ba ya ɓata, kuma wanda aka yi wa gyara ya kumbura baki ya toshe wa na bayansa hanya, don tsohon da aka watsa wa ƙasa a ido sau biyu ba zai ƙara buɗe baki ba. Amma nauyin ba ɗaya ba ne. Sabo bai san abin da bai sani ba, ta yaya zai tambayi tarkon da bai san da shi ba? Fara magana haƙƙi ne a kan wanda ya san hanya.

Yaranmu suna da ƙarin kaya a kan wannan. In suka shiga rukunin baƙi, sukan ji Larabci ko Faransanci ko Ingilishi a kunne, cikin sauri, ana harbi. In rezo ya yi rauni mutum-mutuminsu ya daskare a tsakiyar fili, na can ƙetare ba zai ce intanet ba ne, cewa zai yi bai iya ba. Sun sha wannan wulaƙanci a hannun na nesa, abin takaici kuma sai su juyo su sauke shi a kan ƙannensu da kalmar da aka jefe su da ita. Alhali suna da abin da manyan kamfanonin nan suka kashe dukiya suna nema ba su samu ba: tabarma ɗaya, harshe ɗaya, da sanin cewa gobe ma tare za a sha shayi.

Don haka, ɗan'uwa tsohon hannu, ko a Free Fire kake, ko PUBG, ko kana cikin 'yan kaɗan da suka kai ga manyan kogunan, kafin ku danna shiga ka waiwaya ka tambaya ko akwai wanda yau ne farkonsa. In akwai, gaya masa inda zai tsaya, da abin da zai guda, da wanda zai bi. In ya faɗi ka ɗaga shi, gyaran kuma ka bari sai an fito, ka yi masa shi da sunansa, ba da "nub" ba.